Giɓin Mushe Iliya

Tun da muka dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu, wato majalisarmu ta hira, ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Laminu, wai da gaske ne ka roƙi naman alade a bainar jama'a?" Kafin in buɗe baki wani ya karɓe zancen ya ƙara masa gishiri, har labarin ya kai ga cewa na ci na suɗe kwano. Tunda abin ya zama haka, gara in rubuta yadda tafiyar ta kasance tun daga farko, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Ni malamin Ingilishi ne a nan Madarunfa. Wanda ya fara sa mini harshen a baki shi ne Mushe Iliya, tun ina ɗan ajin farko na sakandare, yanzu kuma ga shi muna koyarwa a makaranta ɗaya. Mutumin Maraɗi ne, Kirista, mai jan waƙa a majami'arsu, kuma a da ba a yi mai barkwanci irinsa ba. Bara waccan yana kan moto, wato babur, a hanyar Safo, amalanken jaki ya fito masa daga gona ba zato, ya faɗi ta fuska, haƙoransa huɗu na gaba na sama suka zube. An yi masa na roba, suka riƙa cin dasashinsa, wata rana kuma suka faɗo yana tsakar darasi. Yara kuwa ba su san ragowa ba. Tun daga ranar ya koma sa takunkumi irin na lokacin korona. Ya bar waƙa, ya bar ba'a, a aji rubutunsa ya fi maganarsa yawa. Da shekara ta ƙare ya gaya mini ƙiri-ƙiri cewa da an koma lakwal, wato makaranta, zai roƙi darekta ya fid da shi daga aji, a ba shi aikin ofis, in babu ya koma gida. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ban san makarantarmu ba tare da muryarsa ba.

Ana cikin haka aka ce za a yi wa malaman Ingilishi kwas a Kano lokacin bakansi, wato dogon hutu, a kan yadda ake furta baƙaƙe da wasulan harshen, kuma makarantarmu ta ba da mutum biyu. Na je gidansa da labarin.

Ya ce, "Kai Laminu, ba ka jin kunya? Kwas ɗin huruci, a rasa wanda za a aika sai mai giɓi? Mi za ni hwaɗa musu?"

Na ce, "Mushe, ni ban taɓa wuce Katsina ba. In kunka bar ni ni ɗaya, ɓacewa za ni yi cikin Kano."

Ya daɗe yana kallona ta saman takunkumi. Ya san rabin maganar dabara ce. Daga ƙarshe ya ce, "To, rakiya za ni yi maka. Amma in munka komo, maganata tana nan."

Mun tashi da safe, gero ya yi kore shar ko'ina, har ya fara bunni a wasu gonakin. Matarsa ta ƙunsa mana soyayyen kifin tabki da dambun zogale. A Ɗan Isa 'yan canji suka yi mana caa, kowa na rantsuwa shi ne ɗan'uwanmu na jini. Muka gama da mutanen duwan, wato kwastan, na ɓangarenmu lafiya, muka taka zuwa na Najeriya. Nan na fara zubar da mutuncin ƙasata.

Jami'in da ke duba takardu ya ɗaga kai ya ce, "Sana'a fa?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Mu mushe ne, ranka ya daɗe."

"Ku mene ne?"

"Mushe. Dukanmu biyu."

Ya ajiye biro, ya leƙo ya dube mu daga sama har ƙasa, ya ƙwala wa abokin aikinsa kira, "Zo ka ga mushe yana tafiya da ƙafarsa!" Wancan ya zo ya shinshina iska ya ce shi dai bai ji wari ba tukuna. A wurinmu mushe shi ne malamin makaranta, daga Faransanci muka aro shi. Mu ma mun san ɗaya mushen, wato dabbar da ta mutu ba yanka, amma kunnenmu ya saba raba su. Su kuwa guda ɗaya suka sani. Na ga kafaɗun Mushe Iliya suna rawa, yana dariya a ɓoye, na ce a raina ko nan muka juya tafiya ta biya. Sai dai jami'in ya ce ya sauke takunkumi a gwada fuskarsa da hoto. Ya sauke, mutumin ya gani, ya ce, "Sannu Baba, Allah ya kiyaye gaba." Nan take ya mayar, dariyar kuma ta tafi.

A tashar Katsina muka tsaya wurin mai shayi. Ku da kuka saba da ɗan kofin gilashi da kumfa a kai, ku ji nan. Wani ƙaton kofi aka dire mini wanda za a iya yi wa jariri wanka a ciki, madara ta fi shayin yawa, mai shayin yana zuba shi daga sama kamar yana jan ruwa a rijiya. Burodinsu kuma ba irin namu ba ne mai tauri da ɓawo. Laushi gare shi kamar katifa, ga zaƙi. Mushe Iliya ya juya baya, ya tsoma ya kai baki, ya ce, "Wanga burodi don ni anka yi shi." Ba'arsa ta farko ke nan da na ji a cikin watanni.

Daga Katsina aka cusa mu cikin wata 'yar mota, mutum biyu a kujerar gaba, mu da wata Hajiya mai fataucin aya a baya. Hajiyar nan ba ta rufe baki ba har Kano. Ta san kowane shinge, ta san wanda matarsa ta haihu a cikin masu tsaron. Ta ce ita tana son mutanen Nijar, ba su da ha'inci, illarsu ɗaya in an ce su ce "fita" sai su ce "hita". Na ce su kuma illarsu suna kiran lakwal makaranta. Ta ce, "To da me za a kira ta, ɗan nan?" Kusa da Kankiya taya ta fashe, muka zauna gindin wata tsamiya, Hajiya ta saya wa kowa gasasshiyar masara. Na kafa haƙora ina gaigaya, sai na waiga na ga Mushe Iliya yana ɓarzar tasa da yatsa ƙwaya-ƙwaya yana turawa ta ƙarƙashin takunkumi. Masarar ta fita daga raina.

Kano ba gari ba ce, garuruwa ne aka tara wuri ɗaya. Adaidaita sahu kamar fara, kowane direba kuma yana tuƙi kamar an ce gidansa na cin wuta. An sauke mu a ɗakunan kwanan ɗalibai na wata makarantar horar da malamai, mu biyu a ɗaki, da fanka mai kukan tsohuwar keken ɗinki. Mahalarta sun fito daga wurare da dama, akwai 'yan Najeriya, akwai mu 'yan ƙasashen Faransanci. Aka kafa mana doka cewa a aji da ɗakin cin abinci ba a yin kowane harshe sai Ingilishi. Mai abincin wata Bayarabiya ce, ana ce mata Mama Bose, mace mai fara'a da hannun barkono. Ranar farko ta ba mu teba da miyar agushi. Na sa loma ɗaya hawaye suka zubo, ta ɗauka kewar gida ce, ta ƙara mini miya.

Malamarmu sunanta Dakta Asabe, gajeruwa, muryarta ta fi ta girma. Tana shigowa ta raba wa kowa ɗan madubi da 'yar siririyar takarda. Ta ce mun daɗe muna koyar da Ingilishi da ido, daga yau da baki za mu koye shi. Ita ce ta kafa dokar Ingilishi, ita ce kuma ta fi kowa karya ta, don in bayani ya cije sai ta koma Hausa. A nan na sha mamaki. Ashe duk gaɓoɓin nan da muka haddace da Faransanci suna da sunayensu a harshenmu. Tudun da ke bayan haƙoran sama hanƙa ne. In ka matsa baya, rufin baki mai tauri ganɗa ne. Can ciki inda ya yi laushi hanɗa. Na zauna ina lasar cikin bakina kamar yau aka ba ni shi.

Ta ce kowane baƙi na Ingilishi tambaya uku ake yi masa. Ta farko, a ina aka tare iskar da ke fitowa daga huhu? In da leɓɓa biyu ne, ka sami p da b da m. In bakin harshe ne ya taɓa hanƙa, ga t da d da n da l. In bayan harshe ne ya tashi ya dafe hanɗa, k da g ke nan. Ta biyu, yaya aka tare ta? Ko an toshe gaba ɗaya an saki fat, ko an bar 'yar kafa tana zuza kamar s da z, ko an juya ta ta bi hanci kamar m da n. Ta uku, maƙogwaro ya yi ziza ko bai yi ba? Ta sa kowa ya dafa wuyansa mu ja sss, sannan mu ja zzz. A na biyun sai ka ji yatsunka suna karkarwa. Ku yi tunanin manyan mutane cike da aji, wasu da furfura, kowa ya shaƙe wuyansa yana zuu kamar an taɓa amya. Wani mai shara ya leƙo ta taga ya gan mu, ya ja da baya a hankali.

Wasula kuwa ta ce ba a tare musu iska ko kaɗan. Abin dubawa shi ne harshe ya hau sama ko ya sauka, gabansa ne ya tashi ko bayansa, leɓɓa sun baje ko sun kewaye, sannan an ja ko an gajarta. Haruffan wasali biyar muke rubutawa, amma Ingilishin da ake koya mana yana da sautukan wasali wajen ashirin in an haɗa da tagwaye. Muka yi salati. Ta ce mu kwantar da hankali, mu Hausawa mun riga wasu da rabin aikin, tunda ba ma haɗa tafi na tashi a bar wuri da tafi na hannu, ba ma haɗa dafa abinci da dafa kafaɗa. Haka sheep da ship suke, sai dai a na biyun ban da gajarta harshe yana ɗan sauka ya saki jiki. Akwai kuma wani wasali na tsakiyar baki da ta kira raggo, ba ya hawa ba ya sauka, shi ne a farkon about, kuma ya fi kowane wasali yawan fitowa a magana. Wani malami daga Damagaram ya ce ashe ko a cikin wasula raggo ne ya fi cin riba.

Duk wannan shagali Mushe Iliya yana kujerar baya, madubinsa a kife. Dakta ta ɗauka mura yake yi, ba ta matsa masa ba. Sai ranar da aka zo kan f da v, da kuma sautin nan biyu da ake rubutawa th. Ta ɗaga murya ta ce, "Haƙoran sama a kan leɓen ƙasa! Kowa ya nuna mini haƙoransa. In babu haƙori babu f!" Ba da kowa take ba, ba ta sani ba. Na ji ƙarar kujera a baya. Kafin in waiga ya fita.

Na same shi zaune gindin dogon yaro. Ya ce, "Ka ji da kunnenka, ko? Ba ni na hwaɗi ba, dakta ce tac ce."

Raina ya ɓaci, ban san da wa nake fushi ba, da shi ko da ita ko da jakin Safo. Na ce, "Mushe, ni ban taho da ku Kano don ku zamna gindin icce ba. Icce muna da shi gida."

Ya ce, "Rakiya nic ce maka. Ga ka ka iso, ba ka ɓace ba."

Na tashi na bar shi. Wallahi a lokacin na fid da rai, har na fara tunanin wa za a ba azuzuwansa.

Da aka tashi cin abincin rana na lallashe shi muka shiga ɗakin cin abinci, maimakon ya ɗauka ya kai ɗaki kamar kullum. Ya zaɓi lungu, ya fuskanci bango, ya sauke takunkumi zuwa haɓa. Taliya aka yi, ni kuma cokali aka ba ni, taliyar tana ta sulluɓewa. Mai yatsu nake so. Ga doka, ga kuma zuciyata a dagule. Na miƙe na ɗaga murya daga wannan kusurwa zuwa waccan, da Ingilishin da nake taƙama da shi, na ce Mama Bose ta taimake ni da fork. Abin da na yi nufi ke nan. Abin da ya fito daga bakina shi ne pork.

Kowa ya juyo. Mama Bose ta dafe ƙirji, ta manta da doka, ta ce da Hausarta mai gargada, "Alade? A Kano? Malam, so kake a rufe mini kicin?"

Ni ban gane ba. Na ɗauka ba ta ji ba ne, na sake maimaitawa da ƙarfi, har ina nuna mata da yatsu yadda ake caka shi a kai baki. Ai sai ɗakin ya kece. Wani ya ƙware, ana bubbuga masa baya. Malamin Damagaram ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa. A cikin duk wannan hayaniya na tsinkayi wata dariya da na sani tun ina yaro. Na juya, ga Mushe Iliya ya ba bango baya, ya jefa kai sama, bakinsa wage, giɓin nan a fili, hawaye na zuba.

Da ya sami numfashi ya ce, "Taho nan, ja'iri. Haka nik koya maka? Haƙoranka talatin da biyu cur, mi kake yi da su?"

Ya zaunar da ni gabansa kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce in dube shi. Ya haɗa leɓɓa ya sake su, pork, ya ce wannan shi ne haramun ɗin. Sannan ya ɗaga leɓen ƙasa ya jingina shi da dasashin sama, inda haƙoran suke a da, ya hura: fff, fork. Sautin ya fito tas, ba fito ba gargada. Shi kansa sai da ya tsaya. Ya sake yi a hankali, kamar mai taka ƙafar da ta warke daga targaɗe. Ya ciro 'yar takardar Dakta daga aljihuna ya riƙe a gaban bakinsa. A pork ta yi tsalle sau ɗaya, a fork ta kwanta tana kaɗawa. Ya bayyana wa waɗanda suka kewaye mu cewa laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. F ɗinmu na Hausa da leɓɓa biyu muke yin sa, yana tsakanin p da f na Ingilishi, mu mutanen Maraɗi ma mukan mai da shi h. Shi ya sa kunnen Bahaushe yake jin su abu ɗaya, in ya zo faɗa kuma sai ya ɗauko wanda ya fi kusa.

Ashe Dakta Asabe tana tsaye a bayanmu da farantinta. Ta ce, "Baba, ka yafe mini, ban sani ba. Kuma ga shi ka ƙaryata ni, dasashi ma yana yi." Ya ce ba komai. Amma yana faɗa yana jan takunkumi sama. Mama Bose ta kawo mini mai yatsun da kanta, ta ce daga yau sunana Malam Alade, kuma haka ta kira ni har muka bar Kano.

Washegari aka shiga rigimar tin da thin, da day da they. Mu 'yan Faransanci mun saba ɗora harshe a jikin haƙora in za mu ce t da d, alhali a Ingilishi a hanƙa ake ɗora shi, a bar haƙora ga th. Sai duk suka cakuɗe mana. Wasu kuma suna cewa sin da zey. Dakta ta zana kai a allo, ta zana harshe a ciki, ya fito kamar kifi a cikin tulu. Ta buɗe bakinta ta ce mu duba, ba ma ganin komai sai haƙora. Muka duba madubi, nan ma haƙora. Ta yi gumi ta ce, "Matsalar ke nan kullum. Duk aikin a bayan ƙofa ake yin sa, ƙofar kuma a rufe."

Sai murya ta fito daga kujerar baya, da Hausar Maraɗi tsantsa.

"Madam, tawa ƙohwar a buɗe take."

Ya taso, ya cire takunkumin ya sa a aljihu, ya tsaya inda hasken taga yake. Ya ce, "Ku matso." Ya ce tin, muka ga bakin harshe ya tashi ya dafe tudun hanƙa ya sake. Ya ce thin, muka ga harshen ya miƙo gaba, ya kwanta a inda haƙora za su kasance, iska na zuza ta samansa. Tazarar ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, amma ga ta ƙuru-ƙuru. Wata malama daga Kwatano ta yi ihu ta ce, "Na gani! Na gani!" Nan da nan aka yi layi. Dakta ta kunna fitilar wayarta tana haskawa, tana ta murna kamar ita ta haƙa giɓin. Ya yi musu n da l, ya yi k suka ga gaban harshe ya kwanta bayansa ya tashi. Aka ce ya yi wasula, ya jero bead, bid, bed, bad, harshen yana sauka hawa-hawa kamar mai saukowa daga rumbu.

Wani ya ce, "Baba, a sake ɗaya."

Ya ce, "Ku bi sannu, bakin nan ba na gwamnati ba ne."

Aka yi ta dariya, shi ma yana yi. Ni kuwa na koma kujerar baya na zauna a wurinsa, domin idona ya cika kuma ba barkonon Mama Bose ba ne. Daɗi ne ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba a wurin aiki.

Sauran kwanakin suka wuce kamar ƙiftawar ido. Kullum da yamma mutane na cika ɗakinmu da madubai. Muka shiga kasuwa, muka ɓace tare, wato ni da mai rakiyata. Muka ci gurasa da ƙuli da albasa, ya ce ita ma don shi aka yi ta. Ranar Lahadi ya nemi wata majami'a a Sabon Gari, ya dawo yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa yana guga. Ban kuskura na tayar da maganar darekta ba. Tsoro nake ji kada ya ce manya daban, yara daban. Su waɗannan malamai ne, sun san darajar abin da suka gani, 'yan Madarunfa kuwa su ne suka yi masa dariya.

A hanyar dawowa shi ya zama Hajiya mai aya. Ya koya wa direba bambancin p da f har mutumin ya kusa wuce kwanar Katsina. Muka ƙetare iyaka, wannan karon na ce mu malamai ne. Muna zaune a Ɗan Isa muna jiran mota ta cika, hadari yana haɗuwa ta gabas, sai Mushe Iliya ya juyo gare ni. Na ce a raina ga maganar darekta ta zo.

Ya ce, "Laminu, bana wa anka ba 'yan sizyem?" Wato 'yan ajin farko, sababbin shiga.

Na ce, "Ni ne, Mushe."

"Ka bar mani su."

Na ce, "Mushe, sun hi kowa rashin ji. Rad da kunka buɗe baki za su yi ta dariya."

Ya ce, "Su yi ta yi. Yaron da ke dariya bakinshi a buɗe yake. Daga nan sai in ga inda ya aje halshenshi."

Na bar masa su. Da aka koma lakwal ya shiga ofishin darekta, abin da ya roƙa shi ne a sauya masa aji zuwa mai babbar taga. Ajin yana jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu. Kowace safiya sai in ji dariya ta tashi can, ta lafa, sannan muryoyin yara su ɗauka gaba ɗaya, tin, thin, tin, thin, da tasa muryar a kan gaba. Wani lokaci ina tsakar bayani sai in lura nawa ɗaliban sun daina saurarona, harsunansu a waje, suna bin darasinsa ta bango. Ban taɓa hana su ba, nakan dakata ne har ya gama.